Warin Fetur a Zaure

Tunda ka ce komai na da ya fi na yanzu, bari in ba ka labarin wani malamin gona da na sani. Shekara talatin ya yi yana zaga ƙauyuka a kan wani tsohon babur mai yoyon mai. Duk ran da ya dawo da la'asar ya jingina shi a zaure, warin fetur kan riga sallamarsa shiga gida. Matarsa na daga madafa za ta ji, ta fito da moɗar ruwan randa tana mita, wai ya sake cika mata gida da wari. Haka suka tsufa. Allah ya yi mata rasuwa, babur ɗin ma ya ƙi tashi, sai 'ya'yansa suka saya masa sabo.

Sabon ba ya yoyo, ba ya wari, shi kuwa malamin bai taɓa jin daɗin hawansa ba. Ya kai wa bakanike ya duba. Bakanike ya nuna masa wani baƙin gwangwani a ƙarƙashin tanki, cike da gawayi, ya ce shi ke shanye tururin mai ya mayar wa inji. Malamin ya ce a cire. "Baba, ba zai ƙara maka gudu ba fa," in ji bakanike. Ya ce ya sani. Aka kwance gwangwanin, aka toshe tiyon da ke shiga inji, wanda ya fito daga tanki kuwa aka bar shi yana lilo.

Ya komo gida da rana tsaka, tanki ya ɗau zafi. Ya jingina babur a zaure ya zauna a dakali. Warin ya tashi sak irin na da, ya bi ƙofa ya shige ciki. Ya daɗe yana kallon ƙofar nan. Can sai ga matar ɗansa ta fito a firgice, hanci a toshe da gefen mayafi, tana tambaya ko mai ne ke zuba, don ta hura wuta a murhu. Ya ce mata ba komai, ta koma. Ya miƙe a hankali ya turo babur ɗin waje, ya tsaya a rana riƙe da shi.

Ba a banza Hausawa suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.