Allurar Kyanwar Inna Turai

Tun da aka kafa dokar lafiyar dabbobi, duk wanda aka fara yi wa dabbarsa allurar borin jini ba ya barin gari sai an kammala.

Shekara biyu ke nan Inna Turai ba ta taka tasha ba. Ga shi 'yarta Hanne ta haihu a Gusau, jibi suna. Ta sa kyanwarta a kwando, ta nufi asibitin dabbobi.

"Likita, yau ce ta ƙarshe, ko?"

Likitan ya aske gefen cikin kyanwar, ya ɗiga ruwan gwaji wuri goma. Ɗaya ya kumbura, ya yi ja wur.

"Inna, ciyawa ta daina damunta. Wannan sabon bori ne."

"Na mene ne?"

"Na jikinki ne. Da gashinki za mu riƙa haɗa maganin duk mako, har shekara uku."

"In na bayar da ita fa?"

"Dabbar da ke kan magani ba ta canja hannu."

Kyanwar ta goga kai a hannunta, ta yi atishawa. Inna Turai ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta kwance ɗankwalinta, ta sunkuyar wa almakashin likitan da kai.