Littattafan Fada Irimiya

Doka ta ce duk littafin da ya shekara ba a are shi ba, a niƙa shi a yi kiret ɗin ƙwai. Yau wa'adin littattafan falsafa da tauhidi da Fada Irimiya, limamin coci, ya bar wa jami'a ya cika.

Jibo, mai zuba su a inji, ya buɗe ɗaya ya tsaya.

"Baba, zuba," in ji Talatu, ma'aikaciyar laburare. "Kyamara na kallonka."

"'Yata, da sunan Allah a ciki."

"To sai dai ka ara. Amma sunan mai aro har masallacin unguwarku ake aikawa."

Jibo ya goge yatsansa a riga, ya ɗora kan na'urar rajistar masu aro.

"Guda nawa ake ba mutum?"

"Uku, Baba."

Ya juya ya dubi kwali arba'in na littattafan.