Mota Mai Lamba 47

Mota mai lamba 47 ta daki katangar filin tsere, wuta ta tashi. Muna kallo a talabijin, a shagon gyaran gashi na Loretta.

Vernon mai sharhi ko a jikinsa. "'Yan rakiya ne. Mai kyamara, koma kan gwarzonmu Colby!"

Halinsa ke nan, ko sunayen direbobin baya ba ya dubawa.

Loretta ta ce, "Wayyo, tsoho Otis! Ai motarsa ce!"

Na ce, "Wane Otis, 'yar nan? Yana kwance da ciwon baya. Matarsa ta tsegunta min Wade ne ya ari motar."

Almakashi ya suɓuce mata.

Wade kaɗai Vernon ya haifa. Motar na ci da wuta, uban na yi wa Colby kirari.