Garin Kafso a Bakin Ciwo

Ina ɗaga bandejin, wari ya buge ni har cikin takunkumi. Shekara shida ina aikin nas a ɗakin masu ƙuna, amma sai da na kau da kai. Cinyar matar ta yi kore, mugunya na tsiyaya. Kwana goma ke nan da tukunyar gas ta fashe mata. Sau uku muna canza allura, likita ya ce ƙwayoyin cutar sun daina jin magani.

Sai na ga wani gari rawaya ya dunƙule a bakin ciwon. Ba namu ba ne.

Na yi kamar na fita, na laɓe bayan labule. Uwarta da ke jinyarta ta kwance bakin zani, ta ciro kafso, ta ɓare da haƙori. Ta lashi yatsa, ta dangwali garin, ta cusa cikin ɗanyen naman.

Na fito daga bayan labulen. Na fizge hannunta.

"Haba Inna! Wace irin ƙazanta ce wannan? Wane jahili ne ya koya miki?"

Ta ƙura min ido, sai ta washe baki.

"Au, 'yar nan, ashe ke ce! Ba ke ke tsaron kemis ɗin babanki a layinmu ba? Ai ke kika nuna min. Kika ce a barbaɗa a ciwo, a sha guda biyu in jiki ya yi nauyi. Tun lokacin duk gidanmu a kai muke."

Ta miƙo min sauran kafson.

"Ungo, sa mata. Kin fi ni iyawa."