Ƙuri'ar Delu a Gasar Matasa

Tun da aka bar wa 'yan kallo zaɓen 'yan wasan ƙasa, duk yaron da ƙuri'unsa suka yi ƙasa, gida ake maido shi. Shekara tara ke nan da aka tafi da Barau, ɗan Delu, makarantar ƙwallo. A allo kawai take ganin girmansa.

Ranar gasar matasa ta duniya ta tsaya a gidan kallo, ga shi can yana jan ƙwallo kamar mai tafiya bisa ruwa.

"Inna, danna kore a bar shi!" in ji maƙwabcinta Tanko. "Shi zai ɗauko mana kofin nan!"

Ta tuna yadda yake barci, baki buɗe. A hankali ta danna ja, ta koma gida ta share masa ɗaki.