Keken Sharifa

"Jefa!" in ji Malam Abdulfatah.

Sharifa ta tattara ƙarfinta ta wurga jakar yashin gaba. Keken guragun da take kai ya sulala da baya a kan siminti, sai da ya daki allo. Aji ya kwashe da dariya.

"Kumbo ya tashi!" Hamza ya ƙwala daga layin baya. "Kumbo mara ƙafa!"

Malam ya taka har inda yaron yake, ya zabga masa marin da ya fasa masa leɓe, ya tura shi waje ya durƙusa a kan tsakuwa cikin rana. Duk 'yan aji biyu na ƙaramar sakandaren sun san dokar: kana iya barci a darasin kimiyya ka sha, amma kada ka kuskura ka taɓa Sharifa.

Ita kuwa duk garin Sule Tankarkar ba ta da kamar Malam. Ranar da babur ya take ta a hanyar Ɗanzomo, tana 'yar firamare, shi ya shigo gari da ita a hannu, rigarsa jina-jina, gwiwarsa a ɗaye. Ya ce ya iso ne bayan mai aukuwa ta auku, ya tarar da ita yashe, sai ƙeyar mai babur kawai ya hango. Da aka matsa masa, ya sunkuyar da kai ya ce kamar Ɗanjuma ɗan acaɓa.

Matasan unguwa ba su jira hukuma ba. Ɗanjuma na rantsuwa suna jibgarsa, suka karya masa hannu, suka banka wa babur ɗinsa wuta. Ya tsallaka Nijar ta Maigatari, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Da tsohuwarsa ta rasu, 'yan makoki ko tabarma ɗaya ba su cika ba.

Sharifa ta farfaɗo a asibitin Gumel ta ce ba ta tuna komai. Aka ƙyale ta.

Malam ne ya kawo keken. A shekarar ya rabu da nasa babur ɗin, ya ce abin ya fita masa a rai. Kullum da ƙafa yake zuwa, kullum shi yake tura ta gida. Iya, mahaifiyarta, ba ta idar da salla ba ta sa shi a addu'a ba.

"To kun gani," in ji Malam, yana kaɗe hannu. "Ta tura jaka gaba, jaka ta tura ta baya. Can sararin samaniya babu ƙasar takawa. Kumbo yana feso wuta ta baya, wutar ta ingiza shi gaba. Haka 'yan sama jannati ke tafiya."

Sharifa ta ɗaga hannu. Ita kaɗai ke masa tambaya, shi kuma tambayarta kaɗai ke sa shi murmushi.

"Malam, to idan wutar ta mutu, sai ya tsaya?"

"Ina! Ai nan daɗin yake." Ya juya ga allo ya ja dogon layi. "Abu mai tafiya ba ya tsayawa don kansa, sai wani ƙarfi ya tare shi. Can babu iska, babu gogayya. Idan kika jefa dutse, ya tafi ke nan har abada."

"Amma nan ƙasa akwai birki," in ji wata daga gefe.

"Birki?" Muryarsa ta hau. "Ko birkin ba nan take yake ci ba. Ki ɗauka kina kan babur a guje da la'asar, rana na cikin idonki. Baƙin ɗan akuya ya faɗo titi, yarinya na biye da shi da igiya a hannu. Kin taka birki. Taya ta tsaya, amma ke da babur ba ku tsaya ba. Wannan ba mugunta ba ce. Doka ce, ba yadda mutum zai yi!"

Allin ya karye a hannunsa. Ya tsaya yana kallon guntun.

"Misali ne dai," ya ce a hankali. "Ku kwafe."

Yara suka duƙufa. Sharifa ba ta ɗauki biro ba.

Aka kaɗa ƙararrawa. Aji ya watse. Malam ya zo bayanta kamar kullum, ya kama keken ya tura ta waje, suka wuce Hamza da ke durƙushe har yanzu, jini ya bushe masa a haɓa.

"Yau kin yi shiru, 'yata," in ji shi.

 Sharifa ba ta taɓa mantawa da ranar hatsarin ba, tsoro ne ya rufe mata baki. Fuskar mai babur ɗin ce kawai ba ta gani ba. Iya ta sa ta ɗaure ɗan akuya, ta shagala da wasa, ya tsere, ta bi shi har titi, kuma ba ta taɓa faɗa wa ko mutum ɗaya ba. Ban da ita, wanda ya ga baƙin ɗan akuyan nan a ranar mutum ɗaya ne tak, wanda ke kan babur ɗin, ga shi yanzu riƙe da kekenta.