Hawayen Baba

"Daure ka ƙara cokali ɗaya, Baba."

Tunda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana nake kankare masa wani baƙon ɗan itace da na gani a intanet. Cewa suka yi ɗanye ake ci. Ni ko lasa ban taɓa yi ba, don kada in rage masa.

Kullum in ya haɗiye sai hawaye. Yayata ta ce, "Allah sarki, godiya yake miki."

Rana ta goma sha biyu ruwan ya zubo mini a hannu, na lashe yatsana. Harshena ya kama wuta, maƙogwarona kamar na haɗiyi allurai.

Na ɗago na dube shi. Ya riga ya buɗe baki, yana jiran cokali na gaba.